Littafi bai ƙare ba, mota ta kwanta, ga Babbar Sallah ta ƙarato

Anti, assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Kano. Maigidana ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar ni da yara uku. Ina rubuta littafi ina sayarwa ta WhatsApp. Wanda nake kai yanzu, mutum ɗari biyu da ɗoriya ne suka biya naira 500 kowanne suka shiga zauren WhatsApp ɗin, na kuma yi musu alkawarin kammalawa kafin Babbar Sallah. To tun bayan azumi na tsaya a fitowa ta 62. Rabinsu so suke jarumar ta koma gidan mijinta na fari, rabi kuma sun rantse in ta koma sun daina karanta ni. Da na ɗauki waya zan rubuta sai kaina ya ɗaure. Akwai kuma fassarar wani ɗan littafin kiwon lafiya da wata ƙungiya ta ba ni. Na karɓi kafin alƙalami, saura kamar kashi ɗaya cikin uku, kuma sai na miƙa za a ba ni ciko.

Ana cikin haka motar da marigayin ya bari, tsohuwar Golf, ta fara zafi tana shanye ruwa. Bakanike ya ce gaskit ne ya ƙone, ya yanka mini naira 190,000. Dangin maigidana a Funtua suna jiranmu, mahaifiyarsa ta ce lallai a kai mata jikokinta. Ban ɗinka wa yara ba, ban sayi rago ba, kuma tun rasuwar babansu ban taɓa bari Sallah ta zo ba rago a gidan ba. Saura kwana 19. Ina da wani sabon labari a kaina mai daɗin gaske. Ƙawata ta ce in sa tallarsa in karɓi kuɗin shiga in gyara motar, ko in ci bashin manhajar waya. Ba na samun barci. Don Allah ki ba ni shawara.

Wata marubuciya, daga Kano.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari, ya ba ki ladan riƙonsu.

Bari in fara da shawarar ƙawarki, don ita ce mai haɗari, kuma na san ita ce take yi miki daɗi a kunne da tsakar dare. Kada ki sa tallar sabon littafi. Ko shafi ɗaya kada ki saki. Mutum ɗari biyun nan da suke zaurenki ba baƙi ba ne da za su manta, su ne dai za ki je wa da sabon, kuma su ne za su fara tambaya ina ƙarshen wancan. A wannan harka ba shago gare ki ba, ba kuma wani kamfani a bayanki, sunanki kaɗai ne jarinki. Ranar da aka fara cewa "ai wance ba ta ƙarasa labari" a zaurukan makaranta, zancen ya riga ki isa duk inda za ki kai talla nan gaba. Sannan ko kin karɓi kuɗin, sai ki tashi da littafi biyu a wuya maimakon ɗaya, kuɗin kuwa sun tafi gareji.

Bashin manhajar waya ma ki rufe babinsa. Ban da ruwan da ke kansa, wanda kin san hukuncinsa, wasunsu sai sun nemi izinin shiga lambobin da ke wayarki kafin su ba ki ko sisi. In kika makara da kwana biyu, sai saƙo ya fara isa ga mutanenki cewa ke mai cin bashi ce ki gudu. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, take fafatawa da irin waɗannan kamfanoni a kan wannan tozarci. Ki tuna su wa ke cikin wayarki: shugaban makarantarku, surukarki, da makaranta littafinki.

Yanzu ki zauna mu raba abubuwan nan, don kin tara su wuri ɗaya kin sa musu rana ɗaya, alhali ba nauyinsu ɗaya ba. A cikin duk abin da kika lissafa, biyu ne kawai haƙƙin wasu da ke kanki: littafin da aka biya, da fassarar da kika karɓi kafin alƙalaminta. Waɗannan bashi ne. Rago, ɗinki, zuwa Funtua a motar gida, duk abubuwa ne masu kyau da kike so wa yaranki, amma ba wanda zai kai ki ƙara a kansu, a nan ko a gobe ƙiyama. Abin da ya faru shi ne kin bar waɗanda ba wajibi ba suna hana ki barci, rashin barcin kuma yana hana ki sauke wajibin.

Fassarar za ki fara yi, daga yau. Ba ta buƙatar ilhama, zama kawai take so, kuma ban da albashi, ita ce hanya ɗaya tilo da kuɗin halal za su iya shigo miki kafin Sallah. Kashi ɗaya cikin uku na ɗan littafi aikin kwana uku ne zuwa huɗu in kin ba shi asuba da bayan isha'i. Amma kafin ki zauna, ki kira wanda ya ba ki aikin ki tambaye shi kai tsaye: in na miƙa ranar kaza, yaushe kuɗi za su shigo? Ƙungiyoyi ba sa biya kamar mai shago. Sai wani ya duba aikin, wani ya sa hannu, sashen kuɗi ya tsara biya, ga hutun Sallah da za a rufe ofis. Ki tambayi takardun da suke buƙata ki haɗa su tare da aikin, kada ki miƙa sannan a ce miki ai ba ki kawo takardar neman biya ba. In ya ce miki sai bayan Sallah, kin huta da sa rai, kin san lissafinki albashi ne kawai. Ki gama aikin duk da haka.

Littafin kuma, a nan zan daɗe, don ba rashin lokaci ne ya tsayar da ke ba. Ke da kika rubuta fitowa 62 ga koyarwa ga yara uku, ba lokaci ne matsalarki ba. Kin tsaya ne don kin bar makaranta sun shigo ɗakin rubutunki. Wannan sabuwar cuta ce da waya ta kawo. Marubutan da suka cika kasuwar Kano da littattafai a shekarun 1990 su ma kashi-kashi suke fitarwa, na ɗaya, na biyu, na uku, sau da yawa cinikin na ɗaya ne ke buga na biyu. Makaranta kan yi ta sintiri wajen masu sayarwa a Bata suna tambaya ko ci gaban ya fito. Amma marubuciyar tana gidanta, sai dai wasiƙa ta same ta bayan makonni. Ke kuwa kina sakin fitowa da tara na dare, kafin tara da rabi mutum hamsin sun gaya miki abin da za ki rubuta gobe. Ba mai iya ƙirƙira a cikin wannan hayaniya.

Ki tambayi kanki abu ɗaya: ranar da labarin nan ya fara zuwa miki, kafin kowa ya biya, ina kika nufa da yarinyar? Na tabbata kin sani. Can za ki kai ta. Masu cewa za su daina karanta ki, ki bar su su faɗa. Mai karatun da ya fusata har ya rantse a kan jarumar da babu ita a duniya, labarin ya kama shi ne, kuma irinsa ne ke fara biya in kin fitar da sabo. Waɗanda za ki rasa da gaske su ne masu shiru, da suka gaji da jira suka daina leƙowa. Abin da ba zan so ki yi ba shi ne ki nemi faranta wa kowa, ki kashe mijin farin a haɗarin mota don ki tsere wa hukunci, ko ki sa a wayi gari ashe duk asiri aka yi masa. Makaranta suna gane marubucin da ya gudu daga labarinsa.

Ga yadda za ki yi aikin. Ki rufe zauren yadda ke kaɗai za ki iya turawa, ko ki ba wata amintacciya riƙonsa ki daina buɗewa. Ki ɗauki takarda da biro, ba waya ba, ki rubuta duk zaren da kika buɗe a labarin ba ki rufe ba: kishiyar da ta tafi wajen boka, ƙanin da ya gudu, takardar filin da ta ɓata, ko ma mene ne naki. Za ki ga wasu jimla biyu sun ishe su a bakin wani, ba sai an ba su fitowa guda ba. Sannan ki rubuta fitowar ƙarshe tukuna, tun kafin na tsakiya. Da zarar ƙarshen ya zauna a rubuce, sauran sun zama hanya ce kawai zuwa inda kika riga kika sani, kuma za ki ga ba su kai yawan da kike tsoro ba. Ina zargin fitowa takwas zuwa goma za su rufe miki labarin. In kin ga lissafinki ya haura ashirin, to ba ƙarasawa kike yi ba, jan labari kike don kada ki isa wurin da kike gudu.

Kada ki saki ko ɗaya sai kin gama duka. In kika koma sakin ɗaya-ɗaya, sharhi zai dawo, kai ya sake ɗaurewa. Ki riƙa tura wa kanki kwafi ta imel kullum, don wayar da ake rubutu a kanta ita ce dai wadda yara ke ɗauka, ita ce kuma ake fizgewa a adaidaita sahu a cunkoson kasuwar Sallah. Sabon labarin da ke damunki kuwa, ki ba shi shafi ɗaya a littafin rubutu, ki zuba abin da ya zo, ki rufe. Ba zai gudu ba. Daɗin da yake miki yanzu, rabinsa don bai kai inda zai yi wuya ba ne. Wannan da kike kai ma haka ya yi miki daɗi a fitowa ta biyar.

To alkawarin kafin Sallah fa? In kin cire kwanakin fassara da na tafiya, abin da ya rage miki bai fi kwana goma sha biyu zuwa sha huɗu ba. Mai yiwuwa ki gama, mai yiwuwa ba za ki gama ba. Saboda haka yau ɗin nan ki tura saƙo ɗaya a zauren, gajere, ba dogon ban haƙuri ba, ba kuma labarin mota da rago ba. Ki ce kin tsaya ne don ki rubuta ƙarshen gaba ɗaya, za ki sake shi a dunƙule ranar kaza, ki sa rana kamar mako guda bayan Sallah, wadda kin tabbata za ki cika. Ki ƙara da cewa duk wadda ba za ta iya jira ba ta yi miki magana ki mayar mata da kuɗinta. Kada wannan ya tsorata ki. Kaɗan ne za su nema, kuma faɗar hakan ita ce ke raba ki da masu cinye kuɗin mutane su canza layi. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 280, ya ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, amma sai mai bin bashin ya san halin da ake ciki. Shirun da kika yi tun bayan azumi ya fi jinkirin ciwo a wajensu. In Allah ya sa kika gama kafin Sallah, sai ki sake shi ya zama goron Sallarsu.

Mu koma kan mota. Ki ajiye ta. Ko da kuɗin suna hannunki ba zan ce ki buɗe inji a makon Sallah ba, lokacin da kowane gareji ya cika da masu sauri, bakanike yana haɗa aikin mutum biyar yana neman na ragonsa shi ma. Aikin gaskit ba canjin taya ba ne. Sai an sauke kan inji, in zafi ya lanƙwasa shi a kai a goge a daidaita, a mayar a ɗaure yadda ya kamata. In aka yi shi da gaggawa, bayan mako biyu ya sake ƙonewa. Motar da aka taɓa wa inji kuma a cikin gari ake gwada ta kwanaki, ba a ɗora mata yara uku a nufi Funtua ta Gwarzo da Dayi da Malumfashi ba. Kin san halin tsaro a wannan yanki na Katsina. Mace da ƙananan yara a gefen titi, bonet a buɗe, magariba tana kawo jiki, wannan kaɗai ya isa ya yanke maganar.

Kuma kafin ki yarda gaskit ne, ki sa wani bakaniken ya duba, bayan Sallah, ki je da ɗan'uwanki ko wani da ya san mota. Zafi da shan ruwa ba kullum gaskit ba ne. Lagireto kan toshe ko ya yi yoyo, fanka kan daina juyawa, famfon ruwa kan mutu, robar ruwa kan tsage, kuma duk waɗannan kuɗinsu bai kama ƙafar wancan ba. Akwai alamun da ke ma za ki iya gani. Ki buɗe murfin da ake zuba baƙin mai: in kin ga ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga mai. Ki duba salansa ko tana fitar da farin hayaƙi mai kauri ko bayan inji ya ɗumama. In an tayar da ita da sanyi, a duba ko ruwan yana tumfafiya da kumfa. Amma kada ki kuskura ki buɗe murfin ruwa inji yana da zafi. In ya tabbata gaskit ɗin ne, ki ce a rubuta miki kayan daban, kuɗin aiki daban, a je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a ji farashi, kuma a nemo abin da ya jawo zafin tun farko, don gaskit ba ya ƙonewa haka kawai. Kafin nan kada ki riƙa lallaɓa ta kina ƙara ruwa kina zuwa makaranta. Haka ake yi inji ya buga, aikin dubu ɗari da casa'in ya koma sayen wani injin. Ki sa a cire kan batir, a rufe ta.

Akwai wata tambaya da ba ki yi ba, ni zan yi miki: an raba gado? In ba a raba ba, motar nan ba taki ba ce ke kaɗai. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni gare ta, ɗaya cikin takwas, mahaifiyarsa da ke raye tana da sudusi, ɗaya cikin shida, sauran kuma akwai haƙƙin marayu a ciki. Bai kamata ki zuba albashinki a dukiyar da ba a fayyace ta wa ce ba, haka kuma ba ki da ikon sayar da ita ke kaɗai. Tun da Funtua za ki, ga dama ta samu ki tayar da maganar cikin ladabi da baffanninsu. In kuma an riga an raba ta faɗo a rabonki, to bayan Sallah ki yi lissafi da idon basira. Kafin 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafi, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mafi ƙarancin albashi kuwa 70,000 aka mayar da shi a 2024. Mutane da yawa da suka fi ki samu sun jingine motocinsu. Na san ba ƙarfe kaɗai kike gani ba in kin kalle ta, kuma ba na cewa ki sayar. Cewa nake kada ƙaunar mai ita ta sa ki ci bashi a kanta.

Ragon kuma, ki duba wasiƙarki da kyau. A Funtua za ku yi Sallah, to ragon da za ki ɗaure a Kano wa zai gani? A gidan kakarsu za a yi yanka, yaran za su tsaya a kan suya da 'yan'uwansu, su ci har su ture. Abin da kike gudu, wato su ji maraici ranar Sallah, zuwa cikin dangin ubansu ya fi rago maganinsa. Ta fuskar addini kuma, layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da iko, haka Risala ta faɗa, kuma malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa wanda yake buƙatar kuɗin don larurorinsa ba a neme shi da ita ba. Mai bashin mutum ɗari biyu a wuya da marayu uku ba ta cikin waɗanda za a zarga. In cikon fassara ya shigo kuma zuciyarki ta ƙi haƙura, ba dole sai rago mai ƙaho ba: tunkiya ta isar, akuya ma ta isar, in sun cika shekara kuma ba su da aibi. Kwanakin yanka uku ne, 10 da 11 da 12 ga Zulhajji, da rana, kuma sau da yawa farashi kan sauko bayan an sauko daga idi, don masu dabbobi ba sa son komawa da su. Ki ba wani baffan kuɗin ya sayo miki a can washegari.

Ɗinki shi ne mai gaggawa a cikin kayan yaran, don tela ba ya jira. Kala ɗaya-ɗaya ya isa. In telanki ya riga ya rufe karɓa, kada ki biya kuɗin gaggawa kuma ki kwana a shagonsa daren Sallah, ki sayi ɗinkakku.

Sai kiran da na san kina jin nauyinsa. Ki kira surukarki da kanki, ki gaishe ta, ki ce mata Hajiya mota ta samu matsala, amma in sha Allahu za mu zo a ta haya. Ba roƙo ba ne, labari kika ba ta. Tsohuwar da ta ce lallai a kawo mata jikoki ta san yadda za ta yi da 'ya'yanta maza, kuma ba abin mamaki ba ne ki ga wani baffan ya turo kuɗin mota ko ya ce zai biyo ya ɗauke ku. In sun yi, ki karɓa ki yi godiya, 'ya'yansu ne. Shekara biyu kina nuna musu kin iya ke kaɗai, har sun ɗauka ba kya buƙatar komai. In ba su yi ba, ki cire kuɗin zuwa da dawowa daga albashi ki ajiye gefe tun ranar da ya shigo. Ku tashi kwana biyu ko uku kafin Sallah, kafin kuɗin mota ya yi tsalle a tasha, kuma ku shiga motar safe don ku isa da rana tsaka. Ki tafi da cajarki da littafin rubutunki. A gidan kaka akwai masu ɗauke miki yara, wataƙila ma a can za ki samu awa biyun da kika rasa a Kano.